Kason Mutanen Daji

…kashi goma wai. Kashi goma cikin ɗari na kuɗin gidan, haka muryar ta faɗa a waya, hankali kwance, kamar mai cinikin tumatir. Sagiru yana ɗaga guduma, yana maka wa bangon falo. Ɓarɓashin siminti na faɗa masa a ido. Ba ya ko gogewa.

Gidansa ne. Shi ya buga bulon nan da hannunsa. Shekara bakwai, duk hutun da ya samu daga tuƙin tirela a Legas, sai Runka, sai cokalin gini. Don me? Don yara su riƙa zuwa hutun Sallah, su san garin ubansu. Sallah biyu kacal suka yi a ciki… hanya ta lalace, matarsa Rahma ta ce ita da 'ya'yanta sun yafe.

To, ya sa shi a kasuwa. Laifi ne? An yi ciniki da Alhaji Nu'uman mai hatsi, Sagiru ya je ofis, aka ce akwai harajin sayarwa, ya biya, aka buga hatimi. Takardar tana aljihunsa, gumi ya jiƙa ta. Wannan na hukuma ke nan. Yanzu kuma 'yan bindigar daji sun ce su ma hukuma ne —

Guduma. Gilashin taga ya tarwatse, wani ya tsaga masa dantse. Jini na bin ƙotar. Bari ya zuba.

Wa ya gaya musu farashin? Har canjin da ke kai sun sani. Dillali? Ɗaya daga cikin shaidu? Mutum huɗu ne kan tabarma ranar, duk sun shafa fatiha… Da zai san wane ne, da nan zai kwantar da shi, kan dandamalin nan, ya fara daga gwiwa. A hankali. Sannan baki.

Ɗanjuma mahauci — fili ya sayar bara, bayan kasuwa, ya ce ko sisi ba zai ba su ba. Ranar kasuwa, rana tsaka, suka ɗaure ƙafarsa a babur suka ja shi har bakin rafi. Da Sagiru aka yi masa wanka. Babu fata a bayan. Ruwan da ake zubawa ja yake gangarowa, ja, har aka gaji aka naɗe shi haka…

A'a. Ba za su ci guminsa ba. Babu gida, babu ciniki, babu kaso. Su zo su ɗebi kashi goma na ɓaraguzai. Bangon ɗakin yara ya tsage, ya rusuna, ya zube.

"Sagiru."

Goggo Kulu ce, ƙanwar mahaifinsa, da katangarsu ɗaya. Tana tsaye a bakin zaure da jikarta a goye.

"Kai gobe kana mota. In sun zo karɓa ba su same ka ba, ƙofar wa za su buga?"

Ba ta jira amsa ba, ta juya.

Gudumar tana sama. Rabin gida a ƙasa — Alhaji ba zai saya ba yanzu. Su kuwa sun riga sun yanke nasu… Juma'a suka ce. Yau Laraba.

Yana so ya sauke ta. Bai san inda zai sauke ta ba.