Garin Mu'awiyya a Cikin Na'ura

Suhaibu ya goge garin ƙanena daga cikin na'ura ranar Talata, don a samu wurin zuba wasa na biyu.

Ni walda nika yi a Tambuwal, ban san wasan gem na talabijin ba. Na'urar ta marigayi Mu'awiyya ce, ƙanena, wanda ke aikin akawu a ƙaramar hukuma kafin ciwon hanta ya ɗauke shi. Da anka raba gado, na'ura da talabijin sunka faɗo a rabona. Waya ta faɗo a rabon Usama, ɗan ubanmu, mai kiwo tare da dangin uwarshi a wajen Kebbe. Malamin da yar raba ya lissafa babur, katifa, har ƙarfen guga. Ba wanda yat tuna cewa akwai gari guda cikin akwatin nan, balle a tambayi mi ya haɗa shi da waya.

Wasan, abokan Mu'awiyya Kango suke ce mai. Duniya ta ƙone, mutane sun ƙare sai kaɗan, kai kuma kana yawo kana tara waɗanda sunka rage. Mu'awiyya ya yi shekaru yana gina ƙauye a ciki. Ya haƙa rijiya, ya yi rumbuna, ya sasanta wasu dangi biyu da ke kashe juna kan ruwa. Mutumin da shika tafiyarwa kuma ya ƙera shi da kamanninshi: sanƙo, tabarau, har ɗan karkacen kafaɗa.

Saboda mutumin nan ne Hinde, matar marigayi, ke kawo ɗiyarsu Rukayya shagona kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. In tada janareta, yarinya ta zauna bisa benci, ta ce, “Baba, ina wuni,” ta danna abin hannu ya taka zuwa bakin rijiya. Tana goye ubanta ya rasu. Ban da hotunan biki, wannan ne kaɗai wurin da take ganin shi yana motsi.

Da labari ya fito cewa na biyu na zuwa, abokanshi sunka hana ni sakat. Suhaibu, malamin firamare ne, shi ab babbansu. Kullum yana shagona da waya a hannu.

“Yaya Abdu, sun ce garinka na tsohon wasa zai bi ka cikin sabon. Rijiya, mutane, komai. Har fuskar za ta ƙara fitowa, ka ga gashin gira.”

“Su wa sunka ce?”

“Masu yin wasan.”

“Ka san gidan ubansu?”

Sunka yi dariya. Wani yac ce ni ko rediyo sai na ga mai magana kafin in yarda. Hinde kanta ta sa baki, a hankali. Tac ce in da gaske fuskar za ta ƙara fitowa, tana so yarinya ta gani. Nic ce su yi, amma kar a taɓa tsohon.

Ranar Talata ina bakin aiki, ina haɗa ƙofar wani, na'ura tac ce ba wuri. Suhaibu ya goge tsohon. Wai an aje kwafinshi a intanet da sunan Mu'awiyya, ko yaushe ana iya maido shi.

Bayan la'asar sunka cika shago, har da masu leƙe ta taga. Anka kunna. Ƙauyen ya fito, amma toka ne. Rumbuna sun rushe, rijiya cike da yashi. Wata murya tana Turanci, Suhaibu yana fassarawa, muryarshi tana ƙara yin ƙasa: wai bayan shekaru mahara sun zo, ba wanda ya tsira. Sai ga tarin duwatsu, an kafa katako, an rubuta sunan ƙanena.

Sannan aka ba su wani sabon mutum, ƙato, mai rigar ƙarfe, wanda ba a iya canza mai fuska. Sunka gwada shi har kusan magariba. A tsohon, sun ce, kana iya zama da mutum ku yi magana har ya aje bindiga. A wanga, duk wanda ka tarar sai harbi.

“Wannan ba Kango ba ne,” in ji ɗaya daga cikinsu. “Sun ɗauki sunan sun liƙa wa wani abu.”

“Shekara nawa muna jira,” in ji wani.

Ni ba jiransu ya dame ni ba. Nic ce, “Suhaibu, cire wannan. Maido na da.”

Ya cire. Ya shiga neman kwafin. Sai na'ura tac ce ta aika lamba zuwa wayar mai shi, a shigar da ita tukuna. Ƙarshen lambar wayar ya fito a talabijin. Layin Mu'awiyya ne.

Na kira Usama, ba sabis. Laraba da safe na kira har kunnena ya yi zafi. Ranan ban iya riƙe ƙarfe daidai ba, sai da na ɓata ƙofar mutane. Hinde ta aiko a tambaya ko fuskar ta fito. Nic ce a gaya mata ana kan aiki.

Alhamis na hau babur sai Kebbe. Hanyar ba ta da tabbas yanzu, kowa ya sani, in rana ta karkata ba a son mutum yana kanta. Na bar Suhaibu a shago gaban na'ura, da sharaɗin in na kira ya sa a aiko lambar, don ba ta daɗewa take mutuwa. A kasuwar Kebbe wani mai saida gishirin shanu yac ce su Usama sun gusa wajen Fakku. Na bi ta cikin gonakin dawa, ina tambaya ruga ruga, ina duban rana.

Na iske shi gindin wata tsamiya yana ɗaure ɗan maraƙi.

“Hamma, lafiya? Wa ya rasu?”

“Ba kowa. Ina wayar Mu'awiyya?”

Ya ciro ta daga aljihu, an ɗaure bayanta da roba.

“Layinshi na ciki?”

Ya dube ni kamar na tambayi abin kunya. “Layin mamaci? Hamma, mutane sun yi ta kira suna cewa a ba su Mu'awiyya. Wata tsohuwa ta ji muryata ta fashe da kuka, ta ɗauka shi ne. Na cire shi tun kafin arba'in. Na binne shi a tsohon mashekarinmu.”

“Ina?”

“Can wajen fadama. Damina biyu ta bi ta kai.”

Na zauna bisa saiwar tsamiya. Ni ma da a hannuna take da haka zan yi. Ya kawo min nono a ƙwarya, na kasa sha.

Na hau wani tudu inda sabis ke kamawa. Ban san mi ya sa ba, na danna lambar ƙanena, wadda ban goge ba. Ta shiga.

Mace ta ɗauka. Ba ta jin Hausa, muryar mutanen kudu ce, ana ta hayaniyar motoci bayanta. Ashe in layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na ba wani. Na kira Suhaibu, nic ce ya sa a aiko lambar, sannan ya kira matar da Turancinshi ya roƙe ta ta karanto mai.

Na tsaya bisa tudun nan ina jira, waya a hannu, rana tana sauka bayan shanun Usama. Da ya kira ni, tun daga sallamarshi na gane.

“Yaya Abdu, ta ce mu ɓarayi ne. Ta ce banki sun gargaɗe ta kar ta karanta wa kowa lamba.”

“Ka gaya mata na marainiya ne?”

“Na gaya mata. Ta ce duk haka suke cewa. Ta toshe ni.”

Na sake kira da tawa. Ta ɗauka, na ce mata don Allah, don Annabi, da Hausa, da ɗan guntun Turancin da nika ji a bakin masu kawo aiki. Ta yi wata magana mai tsawo, ta kashe. Daga nan layin bai ƙara shiga ba. Usama ya hana ni kama hanya, na kwana a ruga.

Juma'a na iso Tambuwal ana kiran salla. Bayan an sauko na tarar da Suhaibu a ƙofar shago, ya ce ya rubuta wa masu wasan, ba su amsa ba. Ya ce mutane a ko'ina cikin duniya suna zaginsu kan ƙauyen da sunka ƙone, wataƙila su gyara.

“Su gyara su maido mai sanƙo da tabarau?”

Suhaibu ya ga Hinde tafe daga nesa, sai ya zame ta bayan shago.

Na gaya mata a tsaye, ban ɓoye komai ba. Ta saurara har na ƙare, tana murza bakin hijabinta. Ba ta zargi kowa ba. Tac ce kawai, “Ni nic ce a yi, Yaya.”

Rukayya ta riga ta hau benci, ta ɗauki abin hannu, ƙafafunta na lilo.

“Baffa, tada janareta.”

Na tada. Suhaibu ya sake zuba na biyun, shi kaɗai ke ciki. Ƙaton nan mai rigar ƙarfe ya fito tsaye cikin toka. Yarinya ta dube shi, ba ta gaishe shi ba. Ta tura shi inda ta saba, ta bi hanyar da ta haddace, har bakin rijiyar da yashi ya cike. Ta zagaya ta, ta sake zagayawa.

“Inna, Baba ya tafi ɗibar ruwa wani wuri?”

Hinde ta karɓe abin daga hannunta, ta aje bisa benci, ta goya ta duk da ta wuce goyo. Ba su sake zuwa ranar Juma'a ba.