Irin Ƙahon Maraƙi

"Sauke hannunki."

Baƙuwar ta janye hannu, ta yi irin dariyar da mutanen birnin Lima suke yi in ba su gane ko zagi ne ko wasa ba. Mama Saturnina ba ta taya ta ba. Ta gyara bakin mayafin da ta shimfiɗa a ƙasa, ta mayar da dankalin da matar ta gusar cikin 'yan'uwansa. Guda bakwai ne, baƙaƙe, masu lanƙwasa, kowanne bai fi babban yatsa biyu ba.

Shekara ta uku ke nan da ofishin gunduma ya gano cewa a ƙauyen Ankaspata ana tonon dankali a watan Mayu. Tun kaka da kakanni ake tono ba lasifika, ba takarda a bango. Yanzu an sa masa suna bikin kaka, an kafa tutoci a filin makaranta, ana kwaso baƙi daga birni a mota su zo su ga yadda talaka yake sunkuyawa. Suna sauka suna haki, fuska fara fat da man rana, kowa da sunansa rataye a wuya kamar tunkiyar da ake tsoron ta ɓata. Na wannan matar an rubuta Milagros.

"Mama, ba dankalin nake so ba," in ji Milagros. "Mayafin nan ne ya tafi da ni. Za ki sayar?"

"Na uwata ne."

"Ai shi ya sa ya yi kyau. Irin saƙar nan ba a samu yanzu. Ki faɗi abin da kike so."

"Ke na uwarki wa kika sayar wa?"

Ƙawayen matar suka ja ta gaba, ɗaya na cewa tsofaffin tudu haka suke, ba sa nufin komai. Saturnina kuwa ta nufa.

A kan buhunan da ke gefenta akwai dankali iri ɗari da goma sha biyu, kowanne da sunansa da halinsa. Amma bakwai ɗin nan da ta keɓe a kan mayafi su ne Ƙahon Maraƙi, wanda in ka fasa shi cikinsa ja ne. Uwarta ce ta taho da irin daga bayan dutse, a ƙunshe cikin wannan mayafin, kuma ba wanda ya riƙe shi sai gidansu. Bara sanyi ya sauko dare ɗaya ya ƙone gonar sama. Abin da ya tsira a duk faɗin tsaunin ke nan, guda bakwai, suna jiran shukar Oktoba.

Me ya kai ta fito da su? Girman kai, ba wani abu ba. Ta raina bikin, ta raina alƙalan, ta raina baron da aka ce za a ba wanda ya ci gasa. Amma da ta ji wata daga ƙauyen gangare za ta kawo iri ɗari da goma sha biyu, barci ya ƙaurace mata sai da ta ƙara na sha uku.

Injiniya Wilber ya iso da usur a wuya da takarda a hannu. Shi ne mai bikin. Ɗan nan ne, uwarsa tana kiwon lama, dabbar tudu mai kama da ƙaramin raƙumi, a bayan tafki, amma tun da ya yi karatu a birnin Cusco yake kiran dankali da sunan Latin.

"Mama, lokacin tafiyar sanin tsirrai ya yi. Baƙi suna jira."

"Su jira. Tsirran ba gudu za su yi ba."

"Don Allah, Mama. Sunanki ne a takarda."

"Alƙalai ba su zo kaina ba."

"Za su zo. Ki bar komai yadda yake, ba mai taɓawa."

Ta waiwaya wajen Tiburcio, maƙwabcinta, wanda ke ɗora dunƙulen ƙasa kan dunƙule yana gina murhun gashi. Tun safe baƙi ke ɗura masa giyar masara don ya tsaya a ɗauke shi hoto.

"Tiburcio, idonka a kan mayafina."

"Ido biyu, maƙwabciya. Har da na aro."

Ta bi su zuwa tafki, ita a gaba da takalmin taya, su a baya da sanduna bibbiyu kamar masu ciwon ƙafa. Tafiyar da jikarta take yi kafin ta karya kumallo, su sai da suka huta sau biyar. Wani ya durƙusa yana ɗaukar hoton kashin lama. Wata ta tambaye ta ganyen da ke maganin damuwa, ta ce mata fartanya. Wilber ya fassara da cewa Mama tana nufin kusantar ƙasa, suka gyaɗa kai, har da mai rubutawa.

Milagros ce a ƙarshen layi, leɓɓanta sun yi shuɗi, hannunta ɗaya cikin aljihun riga ba ta fitar da shi ko a wajen santsi. Saturnina ta tsinko ganyen muña mai ƙamshi ta murza ta tura mata a hanci, ba don tausayi ba, don kada ta faɗi a ce a goya ta. Matar ta yi godiya ba ta ɗago ido ba. Saturnina ta ga tudun aljihun, ta ce a ranta dutse ne. Duk haka suke, ba sa iya ganin abu su bar shi inda Allah ya ajiye shi.

Rana ta karkata lokacin da suka sauko. Tun daga nesa ta hango an rushe murhu, an tone, mutane sun kewaye tulin dankali mai tururi suna ci da cuku. Ta wuce su ta nufi wurinta. Buhunan sun yi rabi. Mayafin kuwa an kakkaɓe shi, an ninke shi da kyau, an ɗora masa takardar shaida mai tambarin zinariya. Baron na tsaye a gefe da jan ƙyalle a hannunsa.

Ta ɗaga mayafin. Ta duba ƙarƙashinsa, ko da yake ta san babu.

"Barka, Mama, ke kika ci," in ji Wilber, yana tahowa da fara'a.

"Ina bakwai ɗin da ke nan?"

"Wane... a'a, mota biyu ce ta zo maimakon ɗaya, dankalin gashi ya kasa. Kafin mu tafi na ce wa abokan aikina da zarar alƙalai sun gama su ɗiba daga na nuni. Za a mayar miki da buhu guda daga ofis, mai kyau, ingantacce."

Ta ratsa cikin baƙi ta durƙusa a bakin toka ta sa hannu tana tonawa, zafi bai dame ta ba. Ta samu biyu, sun gasu har sun fashe. Wani mai gemu yana riƙe da rabin na uku yana nuna wa matarsa. "Duba, ja ne a ciki. Kai, mutanen nan suna da abin mamaki." Ya jefa a baki.

Tiburcio yana zaune a kan dutse, hula a gwiwa, giyar ta sake shi.

"Na juya in ƙara kara a wuta, maƙwabciya. Da na ga baƙaƙen a cikin toka na gane su, amma an riga an rufe. Ki zage ni."

"Zagi tsirowa yake yi?"

Hawaye ya zo mata, ta ƙi shi. Ba za ta yi kuka a gaban masu waya ba, su mayar da ita hoto. Abin da ya fi ci mata rai, ba Wilber ne ya ɗauko irin daga rumbu ba, ba Tiburcio ba ne. Ita ce, da ƙafafunta, saboda baro.

Wilber ya fara gane girman abin, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya zaro waya. "Ai ba su ɓata gaba ɗaya ba, Mama. An ɗauke su hoto don kundin ofis, kafin ma mu tafi tafki. Ga su nan, duk shidan."

"Bakwai."

"Shida ne a nan."

Ta karɓi wayar ta kawo kusa da ido. Mayafinta ne, da baƙaƙen ƙahoni a jere. Ta ƙirga da farce. Shida, da gurbi a bakin layi, wajen da ta juya baya tana magana da Tiburcio.

Direban motar farko ya riga ya tayar da inji. Saturnina ta ɗauki mayafin ta ratsa filin, ta buga ƙofar da tafin hannu har aka buɗe. Ta hau, toka har gwiwar hannu, ta bi tsakanin kujeru tana duba wuyan mutane. Milagros na can baya, jikin taga.

"Fito da abin da ke aljihunki."

"Mama, ni ban..."

"'Yar nan, na haifi shida, na san fuskar wanda ya ɗauki abu. Fito da shi."

Matar ta zaro hannu a hankali. Ga shi nan a tafinta, baƙi, ɗanye, da ƙasar gonar sama a lanƙwasarsa.

"Haushin maganarki na ji," in ji ta. "Na ce in ajiye a kan teburina. Guda ɗaya ne kawai. Ki yi haƙuri, ga shi."

Saturnina ta kai hannu, sai ta tsaya. Duk wanda ya tashi a tudun nan ya san iri yana da zuciya. In ya bar gidanka ya shiga hannun wani, ba a fizge shi, ba a karɓarsa kyauta kamar abin da ba shi da daraja. In ka yi haka zai yi fushi ya ruɓe a rami. Musanya ake yi, kuma da abin da mai riƙe da shi yake so. Yau an riga an wulaƙanta irin nan sau ɗaya, ba za ta ƙara masa na biyu ba. Ta kuma san abin da matar take so, tun da safe ta faɗa.

Ta ɗora mayafin a cinyar Milagros.

"A'a, Mama, wallahi a'a. Naki ne, ni na ɗauka. Ki karɓa kawai."

"Ba don ke nake yi ba. Riƙe."

"Kin ce na uwarki ne."

"Dankalin ma na uwata ne. Shi yana tsirowa, mayafi ba ya yi. Ki ce kin yarda."

Matar ta dubi ƙawayenta, ba wadda ta cece ta. "Na yarda," in ji ta, da kyar.

Saturnina ta karɓa da hannu biyu, ta hura masa numfashi, ta sauka. Wani ya fara tafi a bayanta, bai samu mai taya shi ba ya daina.

Motar ta bi gangare. Iskar yamma ta taso daga tafki ta same ta a kafaɗa, inda mayafin ya saba zama shekara talatin. Wilber na tsaye nesa da baron, ya rasa ko ya turo ko ya bari. Tiburcio ya matso yana murza hula.

"Idon tsiro nawa gare shi?"

Ta juya dankalin a hasken da ya rage, tana bi da babban yatsa.

"Huɗu."

"Rami huɗu ke nan, in kin yanka da kyau. In sanyi ya bar mu."

"Ƙaramin cikinsu ta ɗauka," in ji Saturnina. "Ko sata ba su iya ba."

Ta zura shi cikin rigarta, jikin fata, ta kama hanyar gida hannu a ƙirji.