Furen Gindin Danga

Da sanyi ya fara shigowa, Zinnira ta zo Gwarzo daga Kabo da wani ɗan ƙullin iri, ta damƙa wa gwaggonta Marka. Sana'ar Zinnira ƙawata wuraren biki, kuma ta gaji da aikawa Kano a sayo mata wani fure mai fararen kawuna ƙanana kamar tsaki, wanda ta ce ma'anar sunansa da Turanci numfashin jariri. Marka kuwa tana da ɗan lambu a bayan gida, kuma an san hannunta da albarka.

Zinnira ta yi mata bayani dalla-dalla: a cuɗa ƙasar da yashi da ɗan toka, a shuka inda rana ke bugawa sosai, kada a cire a dasa, kada a cika taki. Ruwa kuwa sai ƙasa ta bushe, bayan kwana uku-uku.

Marka ta yi fangali uku, duk suka tsiro lafiya. A mako na huɗu sai na gindin danga ya fara langaɓewa. Ta tuge ɗaya, ta tarar saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Ta tura yatsa cikin ƙasar ta ji danshi, alhali rabonta da ban ruwa kwana biyu ke nan.

Bayan dangar nan gidan Uwaliya ne, maƙwabciyarta. Ranar shuka Uwaliya ta leƙo ta roƙi irin, Marka ta ce ba nata ba ne, amana ce. Uwaliya ta ce ba komai, amma yanzu da Marka ta tuna yadda ta faɗi ba komai ɗin, sai ta ji bai kwanta mata ba.

Ta ɗebi ƙasar ta shinshina, ko za ta ji ruwan wanki ko na kanwa. Ba ta ji komai ba. Ta gaya wa mijinta Malam Sajo, ya ce wataƙila gara ce, ta bar zargin mutane. Ita kuwa ta san gara ba ta jiƙa ƙasa. Daga ranar, in Uwaliya ta gaishe ta sai ta amsa a taƙaice. In kuma ta tambayi lafiyar furen, sai zargin Marka ya ƙaru.

Ran Laraba da hantsi ta yafa mayafi, ta ɗaga murya ta ce da Malam Sajo ta tafi Kabo sai la'asar. Ta fita ta ƙofa, ta zaga ta lungu, ta dawo ta laɓe a bayan rumbu. Ba a jima ba hannu ya ratso ta tsakanin karan dangar riƙe da buta, ruwa ya fara zuba a kan fangalin.

Marka ta taho a hankali ta cafke butar.

“Me kike zuba wa shukata, Uwaliya?”

Uwaliya ta leƙo ta saman danga, fuskarta duk kunya. “Ruwa ne, Yaya Marka. Kullum ina ganin kina barinsu da ƙishi, ƙasa har ta yi fari. Nan ne kawai hannuna yake kaiwa.”

“Me ya hana ki yi mini magana?”

“Na ga kwanan nan ba kya son magana da ni.”

Marka ta tsiyayi ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana. Ruwan rijiya ne zalla. Ta gaya mata wannan fure yawan ruwa ne ke kashe shi, Uwaliya ta yi ta ba da haƙuri, tana rantsuwa ba ta sani ba.

Fangalin dai bai tashi ba. Sauran biyun suka yi fure fari fat, har sai da aka kafa musu tsinke don kada su kwanta, Zinnira ta zo ta yanka ta tafi da su wani biki a Getso. Marka ta koma gaisawa da Uwaliya kamar da. Sai dai har yau, in ta tuna cewa matar nan ba ta taɓa zuba ruwan ba sai ta tabbatar ba kowa a lambun, takan rasa wanne za ta gaskata, rashin sani ne ko ganganci. Da sanyi ya zagayo, a tsakar gida ta yi shukar, cikin tsofaffin robobi.