Wayar Birki Shida

"Da wannan abin za ka shiga ɗakin mara lafiya?" in ji Malam Abatcha. Ya tare ƙofar zaure da jikinsa.

Na sauke buhun daga kafaɗata. Wuyan jitar ya leƙo ta bakin buhun, ba damar in ce masa shinkafa ce. Rana ta take tsaka, tun safe ina kwance ƙarƙashin Keke Napep a garejinmu na Bolari, ko karyawa ban yi ba. Wallahi ba ni da ƙarfin musu.

"Malam, yayanka ne ya roƙa."

"Mutumin da bakinsa ya karkace, me ya roƙa? Likita ya ce a dawo da shi gida a yi ta addu'a. Yasin ake karanta wa irinsa, Abdulrazak, ba kiɗa ba."

Yayan nasa shi ne Ba Ajimi, wato Baba Ajimi a yarensu, mai wankin hula, wanda rumfarsa ke jingine da katangar garejinmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka gudo daga Bama shi da matarsa Ya Aisa, daga su sai kayan jikinsu, ƙanen ya ba su ɗaki a gidansa. A can garinsu makaɗin jita ne, gidajen biki yake bi. Da masu bindiga suka matso, sai ya naɗe jitarsa a leda ya binne ta a bayan gida. Malam Abatcha kuwa ladan ne a masallacin layinmu, ya kafa masa sharaɗi ɗaya: ba kiɗa a gidansa. Wanda aka ba wa ɗaki ai ba ya jayayya da mai gida.

Ni duk ban san wannan ba sai daga baya. Abin da na sani, tsohon ya dame ni da roƙon wayar birki. Na ba shi ɗaya, ya ce shida yake so, kuma kada kaurinsu ya zama ɗaya. Na ce, "Ba Ajimi, tarkon ɓera za ka haɗa?" Ya yi dariya kawai. Ashe wani guntun katako ya samu, ya ɗaure wayoyin a kai, ya ɓoye ƙarƙashin tulin huluna.

Kullum in ya shanya hulunansa, sai ya jawo katakon ƙarƙashin babbar riga ya fara. Yatsun hagu huɗu, ɗaya bayan ɗaya, su haura su gangaro kamar gizo-gizo. Sannan ya danne uku, ya ɗaga ɗaya shi kaɗai. Sannan ya ware su har jijiya ta tashi, ya girgiza hannun, ya sake daga farko. Masu wucewa sukan ga hannu na motsi cikin riga su ce, "Allah sarki, bawan Allah, kullum cikin lazimi." Ni ne na tsare shi wata rana na ce tun da nake ban taɓa ganin mai jan carbi da hagu ba.

"Rufa mini asiri, ɗana," ya ce, ya nuna mini. "Ka ga wannan ɗan autan yatsan? Malalaci ne. Kwana uku ka ƙyale shi, ya manta ubansa. Ranar da za mu koma in tono jitata, ba na so ta same ni da hannun mai wankin hula."

"To katako ai ba ya ƙara. Ta yaya za ka san kana yi daidai?"

"Shi ne ban sani ba," ya ce.

Komawar ba ta yiwu ba. Ana saura kwana tara azumi ya faɗi a rumfa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kwana ɗaya kafin in zo da buhun nan, da na shiga duba shi, ya kama rigata da hagun, ya yi ta fama da harshe har na gane abin da yake cewa: "Ina so in ji." Shi ya sa na je wurin Timoti, mai gyaran wayar mota a garejinmu, wanda ke kaɗa jita a cocinsu. Bai tambaye ni komai ba. Ya saita ta, ya sa mini a buhu da kansa.

Muna tsaye a zauren sai ga Ya Aisa ta fito, idanunta sun faɗa, mayafi a karkace. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gidan nan ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Abatcha, mun ci abincinka, mun gode, Allah Ya saka. Sharaɗinka bai taɓa karyawa ba. Shekara goma sha ɗaya ina jin ƙwas-ƙwas ɗin katako a kunnena. Na gaji. Ka bar shi ya ji."

Malam Abatcha ya dube ta, ya dubi buhun. Ya ɗauki butarsa ya koma kan dakalin waje, bai ce a shiga ba, bai ce kada a shiga ba.

Ɗakin na warin man zafi da kunun da aka kasa sha. Muka tayar da shi muka jingina da bango, na ɗora masa jitar a cinya. Hagun ya kama wuyanta nan take, yatsun suka zauna kowanne a wurinsa. Daga nan ya dubi hannun damansa da ke yashe a kan zane, ya yi ta kallonsa. Kaico. Duk wahalar da na sha, ban tuna cewa da hannu biyu ake kaɗa abin nan ba. Na ji kamar in fashe da kuka don haushin kaina.

Ya ɗaga ido ya dube ni, ya nuna wayoyin da haɓa.

"Ni? Ba Ajimi, ko tafi ban iya ba."

Ya sake nunawa. Na durƙusa, na goge babban yatsana a wando, na ja shi a kan wayoyin. Suka yi ƙara. Ya gyaɗa kai, na sake. Kansa na bi, in ya sunkuyar in ja. Da farko shirme ne zalla, sai a hankali na ji wani abu yana fitowa wanda ba ni nake yin sa ba. Yatsun nan na hawa suna sauka, ɗan autan da yake zagi yana miƙewa can nesa ya danna ya dawo, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya Aisa ta toshe baki da mayafi. Ban san waƙar ba, amma ita ta san ta.

Bai fi minti biyar ba hannun ya zame. Ya rufe ido, numfashinsa na fita da ƙyar. Da ɓarin bakin da ya rage masa ya ce, "Hannun yana nan."

Ana kiran la'asar ya cika. Malam Abatcha bai je kiran sallar ba, shi ne a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Ni da shi muka yi masa wanka a bayan ɗaki, ina zuba ruwa yana cuɗawa. A haka har muka zo kan hannun hagu. Nan ya tsaya. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Ka cika sauri a tsakiyar waƙar nan. A hankali yake kaɗa wurin."

Ya juya tafin sama. A kan kowane yatsa, cikin kantar da ta yi tauri, akwai siririn layin da waya ta bari. Ya sa babban yatsansa ya murza na ɗan autan, ya ce in ƙara ruwa. Na ƙara. Layin bai tafi ba.