Baƙar Giya Daga Firji

Trees tana goge kofi na uku sai ga ƙanenta Wannes ya shigo kicin rungume da kwalabe biyu. Ya buɗe firji ya tura su can ƙurya, bayan man shanu.

"Fitar da su," in ji ta.

"Haba Yaya, awa ɗaya kacal. In sanyi ya ratsa ta, ko wane ne ba zai ji komai ba."

"Baƙar giya a firji? A gidan nan?"

"To ga ki, ga firji. Ki fitar da hannunki mana."

Ba ta fitar ba. Ta ci gaba da murza kofin da ya bushe tuntuni.

Abin da ke cikin kwalaben nan giyar Kirsimeti ce, baƙa wuluk, mai kauri da ƙarfi, wadda gidansu ke dafawa sau ɗaya a shekara tun zamanin kakansu. Duk ƙauyukan da ke kewaye da garin Poperinge an san ta. Bana ne karon farko da Trees ta dafa ta ita kaɗai, don tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinsu Odiel bai ƙara taka ɗakin tukwane ba. Kwalba dubu huɗu, mako shida suna nuna a ɗakin ɗumi, yanzu ga su can tsakar gida cikin kiret, direba yana ta lodi. Mashaya goma sha ɗaya ke jira.

Jiya da la'asar ta fasa ɗaya ta ɗanɗana. Da farko lafiya lau. Sai can bayan ta haɗiye, wani ɗan tsami ya maƙale mata a gefen harshe, kamar madarar da ta fara shawarar juyawa. Ta fasa ta biyu, haka. Ta fasa ta uku. Duk wanda ya tashi a gidan giya ya san irin wannan tsamin, ba ya tsayawa inda yake, girma yake yi a cikin kwalba. Kuma kafin Kirsimeti babu lokacin sake dafa wata.

Sai dai a gidan Odiel kwalba ba ta ƙetare ƙofa sai Cyriel ya ɗanɗana ya ce a tafi. Fiye da shekara talatin haka ake. Cyriel tsohon mai yin cuku ne, abokin Odiel tun suna 'yan makaranta, kuma an ce da harshensa yakan gane gonar da aka noma sha'ir.

Ƙarfe goma daidai Cyriel ya jingine kekensa a bakin ƙofa. Kamar kullum a irin wannan rana, bai sha gahawa ba, bai taɓa taba ba, bai ma goge baki ba, don kada wani abu ya ɓata masa harshe.

"Ina tsohon banzan nan? Har yanzu bai mutu ba?"

Odiel na zaune a kujerarsa mai taya kusa da murhu. Ya murguɗa rabin bakin da ke motsi. "Kai... nake jira."

"Za ka daɗe kuwa. Trees, 'yata, kawo mu ga abin da kika yi mana."

Wannes ne ya kawo kwalbar, ya goge jikinta da tawul tun daga hanya. Trees ta karkata kofi ta zuba a hankali, ta bar ɗan ƙasan kwalbar saboda yis ɗin da ya kwanta a ciki. Kumfa mai ruwan ƙasa ta taso ta tsaya cak, kauri yatsa biyu. Ta zuba wa kanta, ta zuba wa Wannes. Odiel likita ya hana shi, nasa ido ne.

Kafin ta ajiye kwalbar kofin Cyriel ya fara zufa. Ɗigo ɗaya ya gangaro ya sauka a kan tebur.

Cyriel ya dubi ɗigon. Ya ɗaga kofin wajen taga, haske ya ratsa gefensa jawur. Sannan ya sauke, ya tallabe shi da tafin hannu biyu kamar wanda ya tsinci ɗan tsako, ya gyara zama.

"Na taɓa ba ku labarin aladen Fada Remi?"

"Kawu, direba na jira," in ji Wannes.

"Pol ne? Pol ya jira matarsa shekara tara kafin ta amsa masa, ba zai mutu don minti goma ba."

Ya soma labari. Wai alade ya tsinke ranar wani ɗaurin aure ya shige coci, Fada ya bi shi da rigarsa har ƙasa. Trees ta ji labarin nan ya fi sau ashirin. Ba shi take saurare ba, hannuwan nan take kallo, manya, duk jijiya, sun rufe kofin ruf. Zufar kofin ta fara bushewa. Agogon bango ya nuna goma da kwata. Wannes ya kwankwaɗe nasa tun da sanyinsa, ya dire kofin da ƙarfi.

"Wallahi ta yi! Ta fi ta bara. Kawu, sha mana kafin ta salance."

"Wannan ba ta salancewa, yaro. Farkawa take yi."

A waje Pol ya danna oda sau biyu. Cyriel ya kai wajen da alade ya kifar da kwandon kuɗin sadaka, ya tsaya yin dariya shi kaɗai har da share hawaye da kafaɗa, don hannuwansa ba su saki kofin ba. Yanzu ƙamshin ya cika teburin, gasasshen burodi, dabino, ƙonannen sukari. Trees ta san abin da ke biye da ƙamshin. Ta saci kallon mahaifinta, ta ga idonsa ba a kan Cyriel yake ba, a kanta yake.

Goma da rabi saura kaɗan Cyriel ya sa hanci a kofin, ya daɗe. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya haɗiye, ya lumshe ido.

Ya buɗe ido. Maimakon ya yi magana sai ya turo kofin a kan tebur har gabanta.

"Naki ya yi sanyi da yawa. Sha wannan, ki gaya mini."

"Kai ne mai faɗa, Kawu."

"Ke ce mai dafawa. Sha."

Ta ɗauka. Kofin da ɗumi kamar jikin mutum. Ta kurɓa. Zaƙin tsiron sha'ir ya fara zuwa, mai nauyi, sai gahawa, sai zabibi, sai zafin ƙarfinta ya sauka a ƙirji. Ba ta taɓa dafa abu mai kyau haka ba, wannan kam ta sani. Ta haɗiye. Ga shi nan. Ba ɗan maƙalewar jiya ba, yau a sarari yake, ya tsaga zaƙin gida biyu.

Wannes ya taka ƙafarta ta ƙarƙashin tebur. Kalma ɗaya ce, ta ce ta yi, mota ta tashi. Watakila rabin masu sha ba za su lura ba sai bayan sabuwar shekara. In ta faɗi ɗayar kalmar kuwa, bana ce shekarar farko da za a yi Kirsimeti babu giyar gidan Odiel, kuma kowa ya san hannun wa ta shiga.

"Akwai tsami," ta ce. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, ta sake. "Akwai tsami, Baba. Tun jiya na ji. Wannes, je ka ce wa Pol ya sauke."

"Ya sauke? Yaya, dubu huɗu fa! Me za mu ce wa mutane?"

"Ni zan kira su."

Wannes ya fita ya bugo ƙofa har kofuna suka yi ƙara. Odiel ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna murhu, wai a ƙara itace. Ta ƙara.

Ta raka Cyriel bakin ƙofa. Yana ɗaure ƙafar wandonsa saboda sarƙar keke, kansa a sunkuye, ya ce, "In gaya miki wata magana, kada ta wuce nan. Ban ji komai ba."

"Ban gane ba."

"Harshen ya mutu, 'yata. Shekara biyu ke nan, tun zazzaɓin nan da ya kwantar da ni. Giya, ruwa, miya, duk ɗaya. Fuskar ubanki nake karantawa in ya kurɓa, in faɗi abin da na gani. Bana ba ya sha, to wa zan karanta?"

Trees ta tsaya tana kallonsa. "Da na ce ta yi fa?"

"Da na ce a tafi." Ya miƙe, ya riƙe kan keken. "Sanyi dai hannuna yana ji har yanzu. Shekara talatin ba a taɓa ba ni giya daga firji a gidan nan ba."

Ya hau, keken ya yi tangal-tangal, ya daidaita. Bai juyo ba ya ɗaga murya.

"Baɗi ma ki aiko a kira ni. Amma ki bar ni in sha gahawata tukuna."

A tsakar gida Pol ya tsaya a kan motar riƙe da kiret, yana tambayar inda za a jera. Trees ta naɗe hannun rigarta, ta nuna masa bakin magudana, ta koma ciki neman mabuɗin kwalba.