Kabari a Tsakiyar Alkama

Injin girbin ya iso ƙauyenmu hadari na biye da shi. A nan lardin Henan na ƙasar Sin kowa ya sani, in ruwa ya sami alkama busasshiya a tsaye, a zangarniya za ta tsira, sai dai a ba aladu. Mazanmu kuwa duk suna masana'antun birni, har da nawa. An bar mu mata da tsofaffi, shi ya sa aka haɗe gonakinmu suka zama fage ɗaya, inji guda ya girbe.

Sai ga inji ya tsaya cak a tsakiyar gona. Na ruga, na tarar da surukina, tsoho Geng, durƙushe gaban kabarin matarsa, wanda alkama ta kewaye. Ya tara takardun da muke ƙona wa matattu, ashana na hannunsa. Wai ba a taɓa girbe wannan wuri ba tare da ya sallami tsohuwa ba.

Lanying, matar da ke tuƙa injin, ta leƙo tana ihu: "Kawu, mu za ka aika mata? In ka ƙyasta, abincin gari duka ya tafi lahira!"

Tsohon ya ce, "Ke da kika zo jiya? Yi ta kanki."

Ina ƙaunar tsohon nan, amma taurin kansa ya fi dutsen niƙa. Ga iska ta taso, ga karan alkama ya bushe ƙamas. Na san in na fizge ashanar, gobe ma da wata zai dawo.

Na tsuguna kusa da shi, na tsinko zangarniya, na murje a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin.

"Baba, tun da aka kawo ni gidan nan, ka taɓa ganin Inna ta bar ƙwaya ɗaya a ƙasa? In ka ƙona mata gona, wallahi ko a mafarki ba za ta bar ka ka sarara ba."

Ya daɗe yana duban hannuna. Can sai ya sa ashanar a aljihu, ya karɓi ƙwayoyin ya zuba a kan kabarin.

Lanying ta kewaye kabarin da injin a hankali, ni kuma na yanke alkamar gefensa da lauje. Muna tura buhu na ƙarshe cikin rumfa ruwa ya kece. Na zube a kan buhun, ina dariyar da ban san dalilinta ba.

Tsohon ya zauna kusa da ni, ya cusa hannu cikin alkama har wuyan hannu.

"A shekarun yunwa," in ji shi, "kullum sai ta turo min kwanonta ta ce ta ƙoshi. Ni kuma na riƙa cinyewa."