Tsummokaran Baba a Gonar Gangara

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Na dai kasa riƙe wannan ne a ciki.

Tun rasuwar mahaifinta Juwairiyya ba ta yi kuka ba. Tana cin tuwo, tana zuwa lakol, wato makaranta, in an yi magana ta amsa.

Da iska ta kayar da tsohon gawon gonarsu, Baffa Ilyasu, ƙanen marigayin, ya ce gungumen ya fi ƙarfin amalanke. Ya ɗauko tarakta daga garin Agiye don ta ja shi zuwa bakin hanya, inda masu sassaƙa turmi ke jira. Juwairiyya aka aika da fura.

A gonar akwai tohon gawo da Baba, mahaifinta, ya bari lokacin sassabe, sun jeru tun daga gindin tsohon har hanya. Kowanne ya ɗaura masa tsumma daga tsohuwar rigarsa shuɗiya, don kada mai noma ya sare. Ita ta riƙe masa wuƙa ranar. Abin da ya rage na hannunsa ke nan.

Hashimu shofer, mai tuƙa taraktar, ya ɗaure gungumen da sarƙa, ya hau, ya hanga gaba.

"Kai, Alhaji! Har alama kuka sa mini? Wanda ya yi wannan Allah ya biya shi. Wasu sai su bar ka kana lalube kamar makaho."

"Ka dai ja, sarkin surutu, rana na yi," in ji Baffa, idonsa na kan waya.

"Baffa," in ji Juwairiyya, "ba hanya ba ce..."

Injin ya riga ya tashi. Ita kanta ba ta ji muryarta ba.

Taraktar ta bi tsumma ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko guda ba. Gungumen na biye yana share ƙasa. Juwairiyya na tsaye da ƙwarya a hannu tana kallo, kamar gonar wasu ce. Ta jira wani abu ya motsa a ƙirjinta. Shiru.

Can bakin hanya maza suka yi shewa, ana ta "sannu da aiki". Wani ya ce ina furar.

Ta ajiye ƙwaryar a inuwa. Cikin sawun taya ta ga guntun shuɗi, ta ciro, ta kakkaɓe, ta ɗaure a bakin mayafinta. Ta bi ta bayan karan gero, kafin kowa ya waiwayo.